Karatu daga nesa: mu ina ɗakin karatunmu yake?

MusheBuza:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni malamin kwantaragi ne a wani ƙauye cikin yankin Buza, ina karatun master daga nesa a fannin ilimi. Darussa suna zuwa ta intanet, ba laifi. Yanzu an kai ga rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, malamin da ke duba aikina ya ce in fara kawo masa abin da masana suka rubuta kan dalilan da ke sa ƴan mata barin lakwal a karkara. To a ina zan samo? Wanda ke Yamai ko cikin garin Tawa zai shiga bibliyotek ya zauna. Ni zuwa Tawa yini ne da kuɗin mota, kuma ba ni da mai riƙe mini aji. Kuɗin rajista kuwa ba a rage mini ko dala ba. Shin makarantar da ta karɓi ɗalibi daga nesa ba wajibinta ba ne ta kai masa ɗakin karatu inda yake? Ko haka kowa ke fama?

Ɗan_Adar:
Wa alaikumus salam Mushe. Haka kowa ka fama. Mu bibliyotek ɗinmu gurup na WhatsApp ne, wanda ya samu PDF shi jeho, kowa shi ɗauka. In kana so in sa ka ciki.

Ɗan_Yantala:
Mushe kada ka ɗauka mu na Yamai muna cikin daula. Inda nake karatu akwai littafin da ajinmu kaf ke nema, kwafi biyu ne, ɗayan ma an yage masa babi guda. Wanda ya riga aro ba ya maidowa sai jarabawa ta wuce. Duka wurin mai fotokopi muke ƙarewa.

Malama_Bibliyo:
Wa alaikumus salam Malam. Ɗakin karatu shi ne aikina a nan Yamai, to ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Amsata ita ce e, wajibi ne. Makarantar da ta karɓi kuɗin mutum ta ce ya yi karatu daga inda yake, ta ɗauki alkawarin duk abin da karatun ke bukata, ba bidiyon darasi kawai ba. Amma memuwar ɗinka ba zai tsaya jiran a ba ka haƙƙinka ba, don haka ga inda za ka fara yau.

Maganarka ta ƴan mata da makaranta, fara da na gida. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke nan Yamai tana saka bincikenta kyauta a shafinta, jerin da ake kira Études et Travaux, kuma aikinsu na shiga ƙauye ne a zauna da mutane, irin abin da kake bukata. Alƙaluma kuma suna wurin INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ka nemi rahoton EDSN-MICS na 2012, binciken yawan jama'a da lafiya, akwai batun karatun mata da shekarun aure jiha jiha. Ka haɗa da rahotannin PASEC, shirin auna ƙwazon ƴan firamare a ƙasashe masu Faransanci, na 2014 da 2019, Nijar tana cikin duka biyun. Kada ka manta da dokar da gwamnati ta fitar a Disamba 2017 kan kare ƴa mace da ke cikin karatu, malaminka zai tambaye ka ita.

Daga nan sai na waje. Persée kyauta ne gaba ɗaya, tsofaffin mujallun bincike na Faransanci ne. OpenEdition ma mafi yawa a buɗe yake. Cairn na kuɗi ne, amma mujallu da yawa suna buɗe maƙalarsu in ta yi ƴan shekaru, to kada ka gudu don ka ga farashi a kan ta bana. Wanda ɗalibanmu suka fi mantawa da shi shi ne Horizon, rumbun cibiyar binciken Faransa ta IRD: abin da masu bincikenta, tun tana ORSTOM, suka rubuta kan Nijar tun shekarun 1960 yana nan an ɗauke shi hoto, sai saukewa. HAL da theses.fr kuma nan ne ake samun kundayen digirin dokta, kuma jerin littattafan da ke ƙarshen kundi guda mai kyau ya isa ya nuna maka hanyar wata guda.

MusheBuza:
Malama Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Wallahi ban taɓa jin sunan rabinsu ba. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Wannan bayanin ai aikin makarantarmu ne tun ranar farko, ba sai na zo gurup ina bara ba.

Majo_Abalak:
Malama ina da tambaya kusa da wannan. Ni jinya nake, ina karatun lafiyar al'umma daga nesa. An ce mana makarantar tana da rajista da manyan mujallun likitanci. In na shiga daga nan sai a ce in biya dala talatin da wani abu na Amurka kan maƙala ɗaya. Abokina da ke zaune cikin makarantar yana buɗe ta kyauta. Mene ne bambancina da shi?

Malama_Bibliyo:
Bambancin shi ne wurin da kake zaune, Majo. Kamfanin da ke sayar da mujallar ba sunanka yake dubawa ba, lambar intanet ɗin makarantar yake dubawa, wadda ake kira IP. Wanda ya hau ta wifi na makaranta an san shi, kai da ka hau ta salularka baƙo ne. Maganinsa sananne ne tuntuni: makaranta ta kafa wata ƙofa, proksi ko VPN, ka shiga da sunanka da lambar sirri, daga nan kamfanin ya gan ka kamar kana ciki. Ba abu ne mai wuyar gaske ba, sai dai yana son mutum guda da aka ɗora wa alhakinsa.

Kai ma akwai abin da ya fi wannan sauƙi. Ka tambaye su Hinari, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun likitanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta kafa shi a 2002, yanzu yana cikin Research4Life tare da AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙere-ƙere da GOALI na shari'a. Nijar tana rukunin ƙasashen da ba sa biyan komai. Mutum ɗaya ba ya rajista da kansa, sai makaranta ko asibitin koyarwa ko cibiyar bincike, a ba ta suna da lambar sirri don malamanta da ɗalibanta. Na sha ganin inda aka yi rajistar shekaru da suka wuce, wanda ya karɓi lambar an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya san ta. Rumbu cike da hatsi, makulli na aljihun wanda ya yi tafiya.

Majo_Abalak:
Ikon Allah. To gobe zan kira su. Amma Hinari ɗin da Faransanci ne?

Malama_Bibliyo:
Mafi yawa da Ingilishi. Wannan kuma wata matsalar ce.

Rezo_Tawa:
Duk abin da Malama ta lissafa gaskiya ne, amma ku yi mini uzuri, kuna maganar abin da ke sama ne, ni gyaran salula da kwamfuta nake a Tawa, abin da ke ƙasa nake gani. Ɗalibi ya zo da salula mai ƙaramin ciki, hotunan biki sun cinye rabi. Kundin da aka ɗauka hoto shafi shafi yana iya kai mega ɗari ko fi, alhali da rubutu ne zalla ba zai wuce biyu ko uku ba. Forfe na jika guda ya tafi kan kundi ɗaya, ƙila ma ba shi ne ake nema ba. Wanda ke zaune ofis da fibar ba ya jin nauyin fayil. Duk makarantar da ke son taimakon na nesa ta fara da rage nauyi, ta raba littafi babi babi, ta rubuta girman kowane fayil kusa da shi tun kafin mutum ya taɓa.

MusheBuza:
Rezo_Tawa ka taɓo inda ke mini ciwo. A ƙauyenmu rezo yana kan dutsen da ke bayan makaranta. Bayan la'asar nake hawa, in ɗora salula bisa wani faffaɗan dutse, in tsaya in yi mata inuwa da jikina don in ta yi zafi mutuwa take. Kana kallon layin saukewa yana tafiya, ya kusa kai ƙarshe, sai iska ta juya ko wani ya kira ka, komai ya koma farko. Yara masu kiwo har sun saba, in sun hango ni sai su ce Mushe ya hau neman saƙo. Caji kuma wurin mai fano na bakin kasuwa, shi ma in hadari ya rufe rana sai haƙuri.

Rezo_Tawa:
Ka sa manhajar saukewa mai ci gaba daga inda ta tsaya, akwai su da yawa kyauta, ba duk shafi ke yarda ba amma yawanci suna yi. Kuma ka kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, shi ne ɓarawon forfe na farko.

Lauya_Gobe:
Mu ƴan droit, masu karatun shari'a, da sauƙi kaɗan. Dokokin OHADA, na kasuwanci da ƙasashenmu suka haɗu a kai, duka suna intanet kyauta, da hukunce-hukuncen kotunta CCJA ta Abijan, kuma Juricaf na da na manyan kotunan ƙasashe masu Faransanci. Inda muke shan wuya shi ne namu na gida. Sai ka samu hukuncin kotun Faransa na shekara hamsin cikin minti ɗaya, amma na kotun da ke garinku sai ka san wani a girefi, ofishin ajiye takardun kotu.

Baba_Ritaya:
Ƴaƴana ina karanta ku ina murmushi. Karatu daga nesa ba yau munka fara shi ba a ƙasar ga. Tun 1964 anka fara koyar da yara ta talabijin a Nijar, mu munka ga ƙarshenta. Kahin nan akwai kulob na rediyo, a taru gindin icce a saurara a yi muhawara. Mu kuma da munka yi shirin jarabawar ƙarin girma muna ƙauye, ta gidan waya takardu ka zo muna, ka rubuta amsa ka aika, ka jira. Ba mu da intanet amma akwai abin da mu ka da shi wanda ba ku da shi: mutum. Akwai wanda in ka rubuta mai wasiƙa ka ce littahi kaza ni ka so, zai nemo shi ba direba. Ku yanzu an ba ku inji an ɗauke mutum.

Ɗan_Yantala:
Baba da girmanka, wancan lokacin ku nawa ne? Jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar, ta Yamai, tun 1971. Sai a 2010 aka buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ɗaliban yau ba mutum ɗaya da zai bi su da wasiƙa.

Baba_Ritaya:
Gaskiya ne ɗana, kun hi mu yawa. To sai a ƙara mutane, ba a rage ba.

Maman_Nana:
Ni ina bayan Baba. Ina Madawa, ina da yara, ina aiki da rana. Karatuna daga bayan isha'i ne zuwa inda ido ya kai. Siber, shagon intanet, ba wurin zuwana ba ne da dare, kowa ya san wannan. Abin da nake bukata ba manyan injuna ba ne, lamba ɗaya ce ta WhatsApp da zan aika saƙo in ce ga abin da nake nema, ko da murya ne, gobe ko jibi a ba ni amsa. Na taɓa aika imel zuwa adireshin ɗakin karatun da aka rubuta mana a takardar rajista, har na gama shekarar ba wanda ya ce uffan. Daga baya na ji wai ba mai buɗe akwatin.

Malama_Bibliyo:
Maman Nana abin da kika faɗa shi ne zuciyar aikin. A inda aka ɗauki karatun nesa da gaske akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan: ya amsa tambaya, ya ɗauki hoton babi ɗaya ko maƙala ya aika, in littafin babu ya aro daga wani ɗakin karatun, ya koya wa sababbin ɗalibai yadda ake bincike da yadda ake rubuta madogara. Ni da kaina ina yi wa wasu da salulata da forfe na aljihuna, amma taimako ne, ba tsari ba. Ranar da na yi rashin lafiya ya tsaya. Kuma a faɗi gaskiya, mu ma muna da namu. Wasunmu sun ɗauka aikin shi ne gadin kanta, kada littafi ya ɓata, ƙarfe biyar a rufe ƙofa.

Sarkin_Gajere:
Ku daina wahalar da kanku. Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalun kuɗi kyauta ba da izinin kamfani ba, da ire-irensa suna nan. Ka sa lambar maƙala, ta fito. Ba rajista, ba lambar sirri, ba jiran wani ofis.

Ustaz_Ƙonni:
Malam wannan ba dukiyar wani ba ce? Ilimi da aka fara da ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ina albarkarsa?

Sarkin_Gajere:
Ustaz dukiyar wa? Mai binciken da ya rubuta maƙalar ba a ba shi ko sisi in an saya, kamfani ke cinyewa. Wani binciken ma a ƙauyukanmu aka yi shi, iyayenmu aka yi wa tambayoyi, aka ɗebi jinin yaranmu, sannan a ce in biya abin da ya kai kuɗin cefanen sati don in karanta. Wane ne ya ɗauki na wani a nan?

Ustaz_Ƙonni:
Zaluncin wani ba ya halatta maka naka. Amma na ji hujjarka, ba ta banza ba ce.

Malama_Bibliyo:
Ba zan shiga fatawa ba, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne kotuna a ƙasashe da dama sun yanke hukunci kan shafin, kuma ba zan tura ɗalibi can da sunan aikina ba. Akwai kuma shafukan bogi masu kama da shi da ke zuba wa salula cuta. Kafin ka kai can gwada uku. A Google Scholar, ƙarƙashin kowace maƙala akwai inda ake nuna sauran kwafinta, sau da yawa ɗaya a buɗe yake. A kwamfuta akwai Unpaywall da ke nemo halattaccen kwafi na kyauta. JSTOR kuma, wani rumbun mujallu, in ka buɗe asusu suna barinka ka karanta maƙala 100 a wata a kan allo. In duk sun ƙi, rubuta wa marubucin kai tsaye, layi uku, ka ce kai ɗalibi ne a Nijar. Yawancinsu murna suke yi wani ya nemi aikinsu.

Ɗan_Adar:
Ni abin da ka ban mamaki, duk kuna zancen littattafan Turai. Namu hwa? Jami'ar Tawa sunan Djibo Hamani ta ka ɗauke da shi, shi ne ya rubuta tarihin Adar kahin zuwan Nasara, IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ta buga a 1975. Ɗiyan Adar nawa sunka taɓa riƙa shi da hannu? Kowace shekara ɗalibai na rubuta memuwar kan albasar Galmi, kan aikin raya karkara na Keita, kan ƴan cin rani, kan rikicin manoma da makiyaya. A yi sutanas, a kare kundi gaban malamai, a ci biskit a sha lemu, a ɗora kundi bisa kanta, ƙura ta ci. Baɗi wani shi sake rubuta abu guda don bai san an yi ba.

Malama_Bibliyo:
Ɗan Adar wannan ita ce maganar da ta fi kowace tsada a zauren nan. Abin da Turai ta rubuta ko ba mu adana ba wani zai adana. Namu in ya lalace ya tafi. Kuma ba sai an ɗauki hoto ba, ɗaliban yau a kwamfuta suke rubutawa, abin da ake bukata kawai a ce ba a ba ka takardar shaida sai ka ajiye PDF, a saka a rumbun makaranta. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ma ta buɗe nata rumbun, DICAMES, don jami'o'in ƙasashenta su zuba. Ga kuma dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke IRSH, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Ɗalibin Tasara ko Cintabaraden yana da haƙƙi a kansu daidai da na Yamai.

Ɗan_Yantala:
Wasu malaman ne ba sa son a saka memuwar a intanet. Sun san in an saka za a ga wanda ya kwafe na wani kalma da kalma, da wanda ya sa hannu bai karanta ba.

Lauya_Gobe:
Ɗan Yantala a bi a hankali. Wasu kuma tsoronsu akasin haka ne, kada a saka a zo ana kwafewa.

Ɗan_Yantala:
Ai wanda ke ɓoye shi ake kwafa lafiya lau. Wanda ke fili kowa na iya kama ɓarawo.

Mai_Sanda:
Ku ba ni dama in ce wani abu, ni makaho ne, salulata ke karanta mini rubutu da murya, haka nake bin wannan muhawarar. PDF ɗin da ake rabawa a gurup yawanci hoto ne aka ɗauka da salula, wani a karkace har da yatsan mai ɗauka. A wurinku littafi ne, a wurina shafi ne fari, muryar ba ta ganin komai. In za ku ɗauka ku bi da shi ta manhajar da ke mai da hoto rubutu. Nauyinsa ma raguwa yake yi, Rezo_Tawa zai shaida.

Rezo_Tawa:
Na shaida Malam. Kuma sai a iya neman kalma a ciki maimakon juya shafi ɗari uku da yatsa.

Tunda an zo nan bari in ƙara. Ba komai ne sai da intanet ba. Kiwix yana sauke Wikipedia gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta ko kati, a karanta ba rezo. Ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières tana da wani ɗan akwati, Ideas Cube, yana watsa wifi nasa, mutanen da ke kusa su shiga da salula su ɗauki abin da ke ciki. Ko ba nasu ba, tsohuwar kwamfuta da fano ɗaya da batir sun isa. A ajiye a kowace inspeksiyo, ofishin sufeton makarantu, ko gidan matasa, duk wanda ya je Tawa ya cika kle na USB ya kawo sabo. Ku tuna Agusta 2023 da aka yanke kuran daga Najeriya, wutar da mafi yawanta daga can muke samu. Ku tuna Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, ƙasashen yammacin Afirka da yawa suka shiga duhun intanet. Mu ba mu da teku, ta ƙasar wasu wayarmu ke bi. Abin da ke cikin aljihunka shi ne naka.

Sarkin_Gajere:
Starlink ta shigo tun 2025, zancen rezo ya kusa ƙarewa.

MusheBuza:
Da albashin kwantaragi? Sarki kana da ban dariya.

Rezo_Tawa:
Mutum ɗaya ba zai iya ba, amma wuri ɗaya da mutum hamsin ke amfani da shi zai iya. Shi ya sa nake cewa wuri.

Hajiya_Dakar:
Abin da Rezo ke faɗi shi Senegal ta yi. Sun kafa jami'arsu ta intanet a 2013, yanzu sunan Cheikh Hamidou Kane take ɗauke da shi, amma ba su ce kowa ya zauna ɗakinsa ba. Sun gina wuraren da suke kira ENO a garuruwa, da intanet da wurin zama, ɗalibi ya je kusa da gida. Ba na cewa ba su da nasu kukan, ɗalibansu ma suna ƙorafi. Amma sun gane cewa karatun nesa ma yana son rufi da kujera.

Ustaz_Ƙonni:
Maƙwabtanmu ma haka. Jami'ar NOUN ta Najeriya, ta karatu daga nesa, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har Sakkwato nan kusa da mu, kuma littattafan darussanta suna shafinta kowa na iya saukewa. Wanda ke jin Ingilishi ya leƙa.

Baba_Ritaya:
Mu ma muna da gine-ginen ai. CLAC, ɗakunan karatu na jama'a, nawa anka buɗe cikin garuruwanmu? Wasu na nan da kantoci da tebura. A sa musu fano da akwatin da yaron ga ya faɗi, a horar da mai tsaron wurin. Ba sai an aza sabon tubali an kira talabijin ba.

Ɗan_Ofis:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni a ɓangaren gudanarwa nake a wata makaranta. Mushe, ba na musun haƙƙinka, amma ku san yadda abin yake. Kuɗin da ɗaliban nesa ke biya kafin ya iso ɗakin karatu an biya malamai, an biya intanet, an sayi gazuwal na janareto. Rajistar manyan mujallu da kuɗin waje ake yinta, kowace shekara, kuma in ka daina biya ba abin da ya rage a hannunka, ba kamar littafin takarda ba. In aka ce a zaɓa tsakanin wannan da albashi kun san abin da za a zaɓa.

Maman_Nana:
Yallaɓai ba wanda ya ce ku sayi mujallun miliyoyi. Malama ta lissafa abubuwa kusan goma na kyauta. Shafi ɗaya da aka rubuta su, da lamba ɗaya da ake amsawa, nawa ne kuɗinsa?

Ɗan_Ofis:
Kuɗin mutumin da zai riƙe lambar, Hajiya. Amma na karɓi maganar shafin, wannan ba uzuri.

Sarkin_Gajere:
Ko ku tambayi manhajojin nan masu amsa tambaya, su ba ku jerin littattafai cikin daƙiƙa.

Lauya_Gobe:
Kul. Wani ɗan ajinmu ya yi haka, ta ba shi sunayen marubuta na gaske da littattafan da ba su taɓa rubutawa ba, har da shekara da lambar shafi. Gaban juri aka tambaye shi ina ya ga littafin. Ka yi amfani da ita ta fassara maka Ingilishi ko ta taƙaita abin da ka riga ka sauke, amma duk madogarar da idonka bai gani ba kada ta shiga aikinka.

MusheBuza:
Na samu rahoton PASEC na 2019 da biyu daga LASDEL, na Horizon ya ƙi saukowa, nauyi. Ɗan_Ofis na ji bayaninka amma ban gamsu ba. Da an gaya mana tun ranar rajista cewa ɗakin karatu ba ya cikin abin da muka saya, da mun san da wa muke. Zan rubuta takarda, duk ɗan ajinmu da ya yarda ya sa hannu.

Ɗan_Ofis:
Ku rubuta, amma ku nemi abu takamaimai. In kun ce a gyara bibliyotek za a ce an ji. Ku ce lambar Research4Life, da sunan wanda zai riƙa amsa muku.

Malama_Bibliyo:
Malam turo mini sunan na Horizon ɗin ta akwatin sirri, zan rage shi in raba maka biyu. Majo kai kuma me suka ce?

Majo_Abalak:
Sun ce mai lambar ya tafi hutu, in sake kira ranar Litinin.

Ɗan_Adar:
Wa ka da memuwar ko rahoto kan ajiyar albasa, irin rudu da asarar da a ka yi kahin farashi shi tashi? Ko na takarda ne, ƙanena na Tawa zai zo shi ɗauka.